Ƙorafi Kan Binciken Da Aka Yi Wa Tanki Bayan Ya Huce

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Duba Masana'antu,
Ofishin Kula da Lafiyar Ma'aikata.

Daga:
Matar mai kula da tanki na uku,
Masana'antar sabulu ta bayan titin jirgi.

Kwanan wata: 16 ga Yuni.

Game da: Rahoton ofishinku kan ƙonewar maigidana, da roƙon a sake bincike a lokacin da tanki ke da zafi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da girman kujerarka, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni ce matar ma'aikacin da abokan aikinsa ke kira Dogo, wanda ya ƙone a saman tanki na uku ranar 4 ga Maris. Shi ya kamata ya rubuta wannan takarda, sai dai yatsunsa sun manne, ba sa riƙe alƙalami. Ga shi nan zaune kusa da ni. Abin da ban sani ba shi nake tambaya.

1. A tankin nan ake narka kitse da mai kafin a tura su wurin haɗa sabulu. A jikin murfinsa akwai na'urar da ke auna inda mai ya kai, ta aika lamba zuwa allon da ke ɗakin kula. Idan tanki ya yi zafi, tururi yana taruwa a fuskar na'urar ya zama gumi, sai ta rikice. Tanki na dab da cika, allo na cewa rabi. Wannan ba asiri ba ne a masana'antar. Har mai sayar da shayi a bakin ƙofa ya san shi, domin ma'aikata sukan yi wasa da shi, idan ya zuba musu rabin kofi su ce da na'urar tanki na uku ya auna.

2. Maimakon a sauya na'urar, shugaban sashe ya umarci masu kula da tanki su riƙa hawa tsani, su ɗaga murfi, su tsoma sandar ƙarfe su ga inda mai ya tsaya. Da baki ya ba da umarnin, kullum kuma da baki yake maimaita shi. A jikin tsanin kuwa akwai jan rubutu da ya hana buɗe murfi idan tanki na aiki. Wato, ranka ya daɗe, wanda ya ƙi hawa ya saɓa wa shugaba, wanda ya hau ya saɓa wa doka.

3. A ranar da na ambata, da hantsi, allo ya nuna rabi alhali famfo ya daɗe yana zuba. Shugaban sashe ya ce wa maigidana ya hau ya duba, kada ya tsayar masa da aiki. Ya hau. Yana ɗaga murfi tururi ya buge shi a fuska, tafasasshen mai ya biyo baya ya wanke masa hannuwa har gwiwar hannu. Safar hannun da aka ba shi ta narke a fatarsa. Abokan aikinsa ne suka sauko da shi a kafaɗa. Da na isa asibiti na wuce gadonsa ban gane shi ba, sai da ya ji muryata ya kira ni. Idonsa na dama ya tafi ke nan.

4. Nan ne bakin zaren ƙorafina, ina kuma roƙon a yi mini haƙuri domin ya shafi ofishinku. An sanar da masana'antar ranar zuwan jami'anku tun kafin su zo. Ana gobe za su zo aka kashe wutar tanki na uku, ya kwana ya huce, aka goge fuskar na'urar da tsumma. Ranar 19 ga Maris jami'anku suka iso, suka tarar da tanki sanyi ƙalau, babu tururi ko na kofin shayi. Suka gwada na'ura, ta ba da lamba daidai. Ai dole ta bayar. Suka ga jan rubutun jikin tsani, suka ɗauki hotonsa. Aka kai su ofishin manaja mai sanyi, daga nan sai mota. Babu wanda ya tako asibiti ya tambayi mutumin da abin ya faru a kansa, ga shi bakinsa bai ƙone ba.

5. Rahoton da ya fito da hatiminku ya ce na'ura lafiyarta lau, ma'aikaci ne ya yi ganganci. Da wannan rahoto masana'antar ta sallame shi. Ni na karanta masa. Da na zo kan kalmar ganganci sai ya ce in sake karantawa, na sake, ya juya fuskarsa bango, ranar ko ruwa bai sha ba. Mutumin da ko ashana ya gani a hannun yaro sai ya karɓe, yau shi ne mai ganganci a takardar hukuma. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke ɓalla masa maɓallin riga. Autarmu, wadda da ba ta barci sai a ƙirjinsa, yanzu daga bayan labule take leƙensa, shi kuwa yana yi kamar bai gan ta ba don kada ta ji kunya.

6. Abokan aikinsa sun ga komai, amma kowa na da bakunan da yake ciyarwa. Suna zuwa dubiya, su zauna, su sunkuyar da kai, su tashi. Ban ga laifinsu ba. Daga bakinsu na ji cewa har yau na'urar nan ce a jikin murfin, kuma har yau ana hawa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma:

A sake turo jami'ai ba tare da sanarwa ba, a lokacin da tanki ke tafasa, su tsaya a gaban allo su ga abin da yake nunawa. A ji ta bakin maigidana, a ji ta bakin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban shugaban sashe ba. A cire kalmar ganganci daga jikin sunansa. A tilasta wa masana'antar sauya na'urar da wadda tururi ba ya ruɗa ta.

Na karanta masa wannan takarda kafin in sa hannu, na tambaye shi ko akwai abin da na bari. Ya ce abu ɗaya ne. Idan ofishinku ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to don Allah a aika a gaya wa wanda aka ɗauka a gurbinsa, in zai ɗaga murfin ya tsaya ta bayan murfin, ya kau da kai, kada ya leƙa. Shi babu wanda ya gaya masa.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya sa wannan takarda ta iso hannunka ba ta tsaya a teburin wani ba.

Mai biyayya gare ka,
(sa hannu)
Matar Dogo, a madadin mijinta.