Ina Kishin Dungun Ɗan Ladi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masunta a bakin tabkin Madarumfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ɗa ke yi wa uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar bakin ruwa. Ni ne Haruna mai kalli, wato ragar kamun kifi. Na rubuto a fili ne domin a fili aka ɓata mini suna, a taron ƙungiya, kana zaune a tabarmar gaba.

Na ɗaya, abin da ya same ni. A daminar bara waccan kabu-kabu, babur ɗin haya, ya kayar da ni a hanyar Ɗan Issa ina riƙe da kwandon karfasa, wuyan hannuna na dama ya karye. Maɗori ya ɗaure, ƙashi ya kama, hoton asibiti ma ya nuna ya haɗe sumul. Amma tun ranar da aka kwance karan ɗorin, hannun nan bai daina ƙuna ba. Da safe ya kumbura ya yi ja, da yamma ya yi sanyi ƙalau ya yi duhu. Hannun riga in ya shafe shi sai in ji kamar garwashi aka ɗora mini. Ruwan alwala yana sa ni hawaye, ni da na girma a cikin ruwa. In na rufe ido matata ta taɓa mini yatsa, ba na iya faɗin wanne ta taɓa. Wani lokaci ma sai in dube shi in ji kamar hannun wani ne aka jingina mini.

Na biyu, kalmar da ta kashe ni a tsaye. Da ƙungiya ta tura ni asibiti a Maraɗi, ka haɗa ni da sakatarenmu tunda ni ba na jin Faransanci. Likita ya yi dogon bayani, yana nuna hannuna yana nuna kaina. Sakatare ya tsinci kalma ɗaya ya kawo muku taro: wai ƙashi lafiya lau, ciwon Haruna na ƙwaƙwalwa ne. Alhaji, ka san abin da ciwon ƙwaƙwalwa ke nufi a bakin mutanenmu. Kafin la'asar na zama taɓaɓɓe. Masu tausayi suka ce iskokin tabki ne suka shafe ni, marasa kunya suka ce lalaci ne ya samu suna mai kyau.

Na koma wurin likitan ni kaɗai, wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya ta fassara mini dalla-dalla. Ya ce hankalina ƙalau yake. Ya ce kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, can ake karɓar saƙon zafi da sanyi da taɓawa. Bayan karaya, a wasu mutane jijiyoyi da wannan gurbi sukan rikice, sai taɓawa ta riƙa isa a matsayin ƙuna, yatsu su cakuɗe da juna. Ya kwatanta shi da mai gadin da ɓarawo ya tafi tuntuni amma bai daina ihu ba. Ciwo ne sananne a wurinsu, kuma zafin na gaske ne. Da na faɗi haka a bakin ruwa, sai aka riƙa gyaɗa mini kai irin wanda ake yi wa wanda ba a so a tayar masa da abin nasa.

Komai na yi ya zama shaida a kaina. Ba na iya ba da hannu bayan salla, sai in ɗora hagu a ƙirji, a ce ya daina gaisawa da mutane. Na ci tuwo da hagu a wurin suna, aka janye akushi daga gabana a hankali. Kai kanka, Alhaji, ran da ka damƙe hannun nan da ƙarfi na yi ƙara, ka waiga ka dubi mutane, ba ni ka duba ba.

Na uku, Ɗan Ladi. Ƙayar tarwaɗa ta soke shi a hannun dama, hannun ya ruɓe, aka yanke daga wuyan hannu. Abokina ne, tare muka koyi jefa kalli, ni na fara zuwa duba shi. Amma zan faɗi gaskiya ko da za a yi mini dariya: kishinsa nake yi. Ina kishin dungun nan nasa. In ya shigo masallaci matsa masa ake yi. In ya ci da hagu sai a ce Allah sarki. Ba a taɓa tambayarsa ko da gaske yana jin ciwo ba, shi da ya gaya mini da bakinsa cewa yana barcinsa har da minshari. Aikin tsaron sikeli da firigo, wato firji, na rumfar kifi, wanda muka amince tun farko cewa na ɗan ƙungiyar da ya nakasa ne, shi aka ba. Ni da na riga shi nakasa aka ce ba a damƙa sikeli ga mai ciwon ƙwaƙwalwa. Kullum ina wucewa in gan shi a inuwa yana ta raha da 'yan sarin kifi, sai in yi istigfari in kama gabana. Gidana kuwa ƙuli-ƙulin matata ke riƙe da shi.

Ga roƙona. Ka sa sakatare ya tashi a gaban taron da ya faɗi kalmar nan ya gyara ta da Hausa mai kyau. Ka raba aikin rumfa tsakanina da Ɗan Ladi, shi safe ni yamma, domin ban ce a ƙwace masa ba, kuma haguna yana auna kilo kamar nasa. Sannan ka gaya wa jama'a cewa in na ɗora hannu a ƙirji, gaisuwa ce.

Abu ɗaya ya rage da ban gaya wa ko matata ba. A zuwana na ƙarshe na roƙi likita ya yanke hannun nan, har na durƙusa masa. Ya ƙi. Ya ce ko an yanke, ƙunar tana iya zama daram a hannun da babu shi, gara in ci gaba da motsa shi kaɗan-kaɗan. Don haka ba ni da dungun da zan nuna wa ƙungiya. Da yatsuna biyar zan zo taro, sai ku yi haƙuri ku duba maganata haka nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya albarkaci ruwanmu da kamunmu. Allah kada ya jarrabe ka da ciwon da sai ka rantse kafin a yarda kana jinsa.

Wassalam.

Naka ɗa,
Haruna mai kalli, Madarumfa.