Murjanin Kawu yana fari, an ce bakin Iya Rabi ne

Salamu alaikum ƴan gida. Admin ka ɓoye sunana, don in aka gane ni, sai dai ku ji labarina a Yauri. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu kiwon kayan teku.

Ni ɗan lekol ne, wato ɗan makaranta, a Matameye, a gidan kawuna nake. Kawu direban babbar mota ne mai zuwa Kwatano, can ya ga akwatin gilas na ruwan gishiri, da kifaye da murjani mai rai a ciki, ya kwaso mana shi har falo. Murjanin nan ba na wuya ba ne, wata halitta ce mai rassa kamar busasshiyar ƙaya, ruwan ƙasa da kore. Kawu yana son abin nan fiye da ni, in na yi tari kusa da shi sai ya harare ni.

Da zai yi tafiya ya ce kada in bar ruwan ya yi zafi. Sai ga bazara, kuran, wato lantarki, kuma ya ɗauke, falo ya koma tanda, har kifayen suna kallona kamar suna neman gafara. Na yi abin da kowa yake wa ruwan sha, na sayo ƙanƙara wurin mai firigo, na yage leda na zuba. Kullum haka, ƙanƙarar kuma ta ruwan pampo ce, wani lokaci har warin jabel take, sinadarin nan na wanki.

Yanzu bakin rassan ya fara fari. Ba farin kyau ba, farin ƙashi. Kullum da safe sai in ga ya ƙara gangarowa ƙasa, wani reshe ma yana saɓule wani abu kamar majina. Kifayen sun daina fitowa.

Matsalar ita ce kakata, Hajiya, ta riga ta gano nata dalilin. Ta ce ranar da Iya Rabi, maƙwabciyarmu mai ƙosai, ta leƙo ta ce kai wannan abu da kyau, ba ta ce masha Allah ba. Na yi dariya, na ɗauka wasa ne, har na ƙara mata da cewa idon Iya ya yi ja ranar. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta hana a sayo ƙosan, ta faɗa wa matan unguwa, jiya na ga yara suna tsallake ƙofar Iya da gudu, ita kuma tana zaune gaban kasko cike, ba kowa.

Masana, zafi ne ya jawo farin nan ko ƙanƙarata? Wanda ya yi fari ya mutu ke nan, ko yana dawowa? In faɗa wa Hajiya gaskiya tun yanzu, ko in jira Kawu da ke tafe ranar kasuwa, in mutu sau ɗaya?

Ku yi sauri don Allah. Ɗazu Iya Rabi ta kira ni ta katanga, ta miƙo mini ƙosai kyauta, ta ce ɗana me na yi wa gidanku?