Jakin da Ke Jiran Motar La'asar

Litinin, 3 ga Maris

Na iso. Mota ba ta hawa dutsen nan, a gindinsa take sauke mutane, sai mai gidan baƙin ya sauko da jaki ya kwashi kaya. Dattijo ne, yana ɗingishi. Ya ɗaure jakata, ya tsaya yana leƙen cikin motar.

"Malam, ina Hajiyar? Ai mutum biyu ta ce mana a waya."

Matata ce ta kama ɗakin tun bara, kafin ciwon. Shugaba nake ce mata, don ita ke yanke komai. Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Tana nan tafe."

Ni da na shekara talatin a aji ina hana yara ƙarya.

Talata, 4 ga Maris

Ɗaki fes, taga tana kallon garken awaki. Tawul biyu, matashi biyu. Matar mai gida ta kawo shayi kofi biyu, wai ko da Hajiya ta yi sammako. Na sha nawa, na sha na Shugaba. Da tana nan da ta harare ni ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da la'asar na hango dattijon yana gangarawa da jakinsa. Ashe haka suke aiki: muddin akwai baƙon da ake jira, sai an tari motar la'asar. Ya dawo jaki ba kaya.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sake sauka.

Alhamis, 6 ga Maris

Matar mai gida ta tambaye ni abin da Hajiya ke so, don ta shirya. Na zauna a ƙofar kicin ina zuba: ba ta shan sukari, ba ta ƙaunar albasa, tana tsoron akuya amma ko a mutu ba za ta yarda ba. Matar tana ta dariya. Rabon da in yi zancenta kamar tana ɗaki na gaba, tun asibiti. Wallahi daɗi na ji, kuma shi ne abin kunyar.

Can 'yarsu, mai tatsar awakin, ta same ni. "Baba, don Allah ka kira ta mu ji ranar. Gwiwar babanmu ta kumbura, kuma ba ya yarda kowa ya tari baƙo sai shi."

Na ciro waya. Lambarta tana nan. Na ce babu sabis.

Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na bi dattijon. Sau uku yana tsayawa ya dafa jakin, yana yi kamar igiya yake gyarawa. Mota ta zo, ta sauke wata mata da buhu, ta wuce. Muka tsaya muna kallon bayanta.

Na ce, "Yaya, ba za ta zo ba. Ta rasu."

Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina. Duk sanarwar 'ya'yana suka yi.

Ya yi salati, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ai na sani tun Talata. Mai jiran matarsa yakan tambayi ƙarfe nawa mota ke zuwa. Kai ko sau ɗaya ba ka tambaya ba."

"To me ya sa kake ta saukowa?"

"Ba ni zan riga ka faɗa ba, Malam."

Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bai ce in yi haƙuri ba, ya dai juya yana ba jakinsa ciyawa. Da za mu koma na rantse sai ya hau. Ni na ja igiyar har gida.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ake tsinkar tumatir, kowa yana gona. Suka ba ni kwando don kada in zauna ni kaɗai. Ina ta haɗa ɗanye da nunanne, yarinyar tana bi tana tsincewa. Sai na ji na ce, "Marigayiya ma cewa take idona na karatu ne kawai."

Marigayiya. Haka ya fito. Ba wanda ya ɗago kai, aka ci gaba da aiki.

Gobe ya kamata in tafi. Na ce wa mai gida zan ƙara kwana uku. Saboda tumatirin ne, aikin ya yi musu yawa.