Baƙar Taga Ba Sakawa Ba Ce

Maamobi, Accra
Ranar Laraba

Zuwa ga mahaifina Alhaji Ya'u,

Assalamu alaikum. Baba, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Duk lokacin da Mma ta miƙo mini waya na ji muryarka, sai bakina ya mutu, shi ya sa na koma ga biro. Ina fatan ka isa Yamai lafiya, mota ba ta ba ka wahala ba, kuma ciwon bayanka ya yi sauƙi. Mma da su Rafiq duk suna lafiya. Abokinka Gajere zai kawo maka wannan, gobe yake lodi a Tema.

Na saurari saƙon muryar da ka aiko, cewa kada in sake taɓa kwamfuta, kada kuma in je jarrabawar ranar Asabar. A ranar ne za a zaɓi waɗanda za su ci gaba da ajin kwamfuta, wanda bai je ba an rufe da shi ke nan. Ka ji bakin Kawu Ishawu, ina roƙo ka ji nawa.

A makaranta, da an buɗe ɗakin kwamfuta maza ke rugawa su kame kwamfutoci masu maus mai aiki. Ni ban iya turereniya ba, kullum ta lungu nake samu, wadda maus ɗinta ya mutu. Malama Habibatu ce ta tarar da ni zaune na naɗe hannu, ta nuna mini wata hanya. A danna maɓalli mai hoton taga tare da harafin R, ƙaramin akwati ya fito, a rubuta sunan abin da ake so. In na rubuta calc, kalkuleta ta buɗe. In na rubuta notepad, farar takarda. In wani abu ya maƙale, taskmgr ke nuna mini shi in rufe. Yanzu ko an ba ni maus ba na waiwayarsa.

Ranar da abin ya faru, na je kafen intanet a Kotobabi neman tsofaffin tambayoyin jarrabawa, intanet ta ƙi. Sai na rubuta cmd, baƙar taga ta buɗe, na rubuta ping don in ga ko layin yana da rai. Fararen rubutu na gudu a kan baƙi, Kawu ya shigo yin fotokofi ya tsaya a bayana. Salatinsa kawai na ji. Ya ja ni da hijabi har titi, kafin la'asar duk layinmu an ce Nasiha ta shiga sakawa, tana damfarar Turawa. Masu sayen koko wajen Mma har leƙo ni suke yi.

Na san tun da 'yan sanda suka tafi da Jamiu ɗan maƙwabtanmu Kawu ke cikin tsoro, kai ma haka. Amma Jamiu da hoton mace da daɗin baki ya yi tasa cutar, ba da baƙar taga ba. Ni ban ci haƙƙin kowa ba, kuma ba zan sunkuyar da kai kamar na ci ba.

Jiya na lallaɓi Mma muka je kafen. Da yatsanta mai ƙamshin man ƙosai ta danna haruffan, ina faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Kalkuleta na fitowa ta toshe baki tana dariya. Na buɗe mata baƙar tagar, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina Baturen da ake cuta. Amma a hanya ta ce hukunci naka ne, ba za ta tsallake maganarka ba.

Baba, ban taɓa saɓa maka ba. In na zauna a gida ranar Asabar, duk Maamobi za ta ce gaskiya ne aka kama ni, kuma sunanka ne a bayan nawa. Saboda haka zan je. Ban so ka ji a bakin wani. In ka dawo, duk hukuncin da ka yanke zan durƙusa in karɓa.

Ka gaida Gwaggo Sabuwa da mutanen Yamai. Allah Ya kiyaye hanya. Izinin zuwa ban roƙa ba, don kada ka sake hana ni, ya zama na saɓa maka sau biyu. Abin da nake roƙo shi ne ka yarda in sake rubuto maka, in gaya maka yadda ta kasance.

'Yarka mai ƙaunarka,
Nasiha Ya'u