Amsar da Na Bari a Zauren Bappa

Zuwa ga Jannatu, matata, sanyin idona, inuwata ta tsakar rani, ruwan randata mai sanyi, farin watan da ya tsaya mini ni kaɗai a duk ƙasar Gumel. 'Yar Bappa Manu ta Ɗanzomo, malamar 'yan aji uku wadda ta mayar da ƙato kamata ɗalibinta. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke wadda sunanta bai bar bakina ba tun da aka rufe ƙofar jirgin nan.

Daga sama nake rubuto miki, Jannatu, daga kujerar tsakiya. An ɗaure ni da bel a ƙugu kamar ragon da aka loda a mota ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Dama mutum, hagu mutum, kujerar gaba ta tokare mini gwiwa. Ba taga kusa da ni, ba ƙofar da za ta buɗu, ba direban da zan bubbuga wa ƙarfe in ce akwai mai sauka. Awa shida da ɗoriya aka ce tsakanin Abuja da Landan. Awa shida! Wayyo Allah, wa ya ce jirgi na da sauri? Wallahi amalanken shanu ya fi shi, don shi ko ba komai kana iya dirowa ka koma gida da ƙafa. A bayan kwafin takardun ɗaukar aikina nake wannan rubutu, su kaɗai na samu a jakar hannuna.

Kin tuna ranar da muke dawowa daga bikin ƙawarki a Gagarawa, kina bayan mashin, riɗi ya yi fure fari fat dama da hagun hanya? Na faɗa wani rami, kika dafa kafaɗata kika ce daga yau in riƙa bin ramuka a hankali, don ba mu biyu ba ne a kan mashin ɗin. Ni da nake ma'aikacin jinya, nake gane ciwon mutum tun daga ƙofar ɗaki, sai da muka yi tafiya mai nisa kafin maganar ta shige ni! Na taka birki, na juyo, kika rufe fuska da mayafi kina dariya. Daga nan har Gumel rarrafe na yi da mashin, har wani tsoho a kan jaki ya wuce mu yana tambaya ko mai ne ya ƙare. Kika ce idan haka zan yi, gara ki sauka ki tura ni. A rayuwata ban taɓa jin daɗin tsiya irin ta ranar ba.

To ina wancan mutumin ya tafi, ya ke ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko? Me ya same shi ranar da takardar asibitin Ingila ta zo da ranar kama aiki a rubuce, ranar da ta faɗo cikin watanki na takwas? Kika ce in roƙe su su ƙara mini wata ɗaya. Na roƙa, Allah ne shaida, suka ce rana ba ta matsawa, in ban zo ba akwai masu jira. Kika ce ni da na tsaya a kan matan mutane a asibiti, tawa matar ce zan tafi in bari? Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na buɗe wannan bakin nawa na ce ke ba abin da kika sani a duniya sai Ɗanzomo. Kika ce to in tafi, kada in waiwayo. Kwana uku muna gaisuwa kamar maƙwabta, sai gwaggonninki suka zo suka tafi da ke gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Ba mu shirya ba kika shiga mota.

Shekaranjiya na zo Ɗanzomo sallama. Kin san yadda abin yake: na tuɓe takalmi tun daga waje, na tsuguna a zaure gaban Bappa, kaina a ƙasa, idona a kan tabarma. Suruki ba ya wuce zaure, ba ya ɗaga murya, ba ya duban matarsa a gaban mahaifinta, balle gidan Fulani irin naku inda kunya ta fi abinci muhimmanci. Bappa ya yi mini nasiha, ya ce in riƙe salla, in riƙe amana, in tuna inda na fito. Sai na ji takunki, takun nan mai nauyi na mai ciki. Kika shigo da kwanon ruwa, kika dafa bango kika durƙusa da ƙyar. Ban ga fuskarki ba, ƙafafunki kawai na gani, sun kumbura har zoben azurfar yatsarki ya nutse. Kika ajiye kwanon, kika ce a hankali, “Malam, ka yafe mini.”

Wace mace ce a ƙasarmu ba ta neman yafiyar mijinta kafin ta durƙusa haihuwa? Wane namiji ne bai san amsar ba? Yaron goye ma ya ji ta a bakin manya: na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kuwa na yi gum! Na ce a raina yaya zan yi wa matata magana a gaban Bappa? Ya yi gyaran murya, ya juya fuskarsa bango yana jan carbi, ni kuma na ɗauka gargaɗi yake mini. Sai yanzu, ina rataye tsakanin sama da ƙasa, na gane tsohon nan fili ya ba ni. Kurma ya mayar da kansa don in amsa wa 'yarsa. Kika jira, kika jira, har na ji numfashinki ya canza. Direban da ya kawo ni ya danna hon a waje. Kika dafa bango kika miƙe, kika koma ciki, ni kuma na sa takalmina.

Ba zan ɗora wa kunya duka laifin ba, Jannatu, don ƙarya ba ta da amfani a inda nake. Akwai guntun fushi da na ɓoye a ƙarƙashinta. Wani shaiɗani a ƙirjina ya ce bar ta ta kwana ɗaya da shi, gobe ka kira. Kaico da wannan goben! Na kira daga tasha a Kano, Inna Kande ta ɗauka, mahaifiyarki guda, me zan ce mata? Muka gaisa, na tambayi shanu, na tambayi gero, na ce a gaida mutanen gida. Na kira daga Abuja, ƙanwarki Larai ta ce kin samu barci, ko ta tashe ki? Na ce a'a, a bar ki ki huta. Na fara rubuta saƙo na goge, wai don Larai na duba wayarki, wai irin wannan magana da baki ake yin ta. Na ce idan na sauka lafiya zan kira ki in faɗa miki a natse.

Yau da safe, na zauna a kujerar nan, an rufe ƙofa, jirgi ya fara ja da baya, sai saƙon murya ya shigo daga Larai. Ta ce, “Yaya, naƙuda ta tashi tun asuba, faya ta fashe, ga mu a mota za mu asibitin Gumel. Tana ta tambaya wai ko ka ce wani abu.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ko na ce wani abu! Na kira, tana ƙara ba a ɗauka. Na sake kira. Na ɓalle bel na miƙe tsaye ina cewa a sauke ni, wata ma'aikaciyar jirgi ta zo da murmushinta ta ce in zauna, ƙofa ta riga ta rufu, in kashe waya. Na rubuta “na yafe miki”, na tura. Saƙon ya tsaya, ɗan agogon nan na gefensa ya ƙi juyawa, sabis ya ɗauke, jirgi ya zabura. Da muka daidaita a sama na tambaye ta ko akwai hanyar aika saƙo daga nan, ta ce intanet ɗin wannan jirgin ba ya aiki yau. Amsarki tana nan cikin aljihuna, ba ta je ko'ina ba.

Akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana, yana nuna taswira da ɗan jirgi yana tafiya a kai. Na ga Kano ta gefe, na ga Damagaram a gaba. Ba su rubuta Gumel ba, amma na sa yatsa a daidai wurin. Kina nan ƙarƙashin yatsata, ya hasken gidana, kina murƙususu a kan gadon da na sha tura wasu a kai, ni kuma ina wucewa ta samanki da bel a ƙugu! Da akwai taga da na leƙa, ko da gajimare kawai zan gani. Daga nan allon ya zama rairayi zalla, awa bayan awa, ɗan jirgin kamar an manna shi.

Sanin aiki ma azaba ne, rabin raina. Da manomi ne ni, da na ce Allah ya sauke ki lafiya na jingina. Amma na san ma'anar ƙafafun da na gani a zaure. Na san wata takwas ba tara ba ne. Na san abin da hawan jini ke yi wa mai cikin fari, na san ƙarar da ungozoma ke yi idan tana neman jini da gaggawa. Nakan rufe ido in ga ɗakin, in ga wace ce ke aiki yau, in ga inda aka ajiye kowace allura, in miƙa hannu, sai in taɓo bayan kujerar wani Bature. An kawo abinci cikin 'yar tasa mai murfi, ban buɗe ba. Azahar ta yi, na yi ta a zaune, ban san inda gabas take ba, na sunkuya iya inda kujera ta bar ni. Ban roƙi aiki ba, ban roƙi Ingila ba, ke kaɗai na roƙa.

A hagu da ni akwai wata dattijuwa, Mama Theresa, 'yar Kafanchan, za ta je wankan jegon 'yarta. Ta ga ina share ido da hannun riga, ta ce da Hausarta garau, “Ɗana, wa ya rasu?” Na ce ba wanda ya rasu, Mama, in sha Allahu. Ban san yadda aka yi ba na kwashe komai na faɗa mata, ni da na kasa buɗe baki a gaban surukina. Ta saurara har ƙarshe, ta yi tsaki, ta ce mu maza wani lokaci sai a haɗa mu da bulala. Sa'an nan ta ce, “To me kake jira? Faɗe ta yanzu. Wanda ya fi waya yana ji, ni kuma shaida ce.”

Na faɗa, Jannatu. Ban yi raɗa ba. Da ƙarfi na faɗa, har mutumin dama ya cire abin kunnensa, har na gaba suka waiwayo. Na ce Jannatu 'yar Manu, na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya! Mama Theresa ta ce amin, ta riƙe hannuna. Ga shi kuma na rubuta da biro don kada iska ta tafi da shi: na yafe. To me ma kika yi mini, kurciyata? Don kin ce kada in bar ki? Ni ne mai neman yafiya, ni da na bar mace mai ciki a durƙushe tana jiran kalma biyu. Ki yafe mini maganar Ɗanzomo, ki yafe mini shirun zaure, ki yafe mini barcin da na hana a tashe ki.

Yanzu aka yi sanarwa, wai a gyara kujeru, saura minti ashirin mu sauka. Kunnuwana sun toshe. Tun safe nake zagin jirgin nan don ya ƙi sauri, yanzu kuma tsoron ƙasa nake ji. Da zarar na kunna waya, saƙona zai tafi, na Larai zai shigo, kuma ban san wanda zai riga wani ba. Shi ya sa zan sa hannu tun muna sama, tun ina da tabbacin akwai mai karanta wannan takarda.

Na yi miki alkawari, ya abar ƙaunata: ko ƙasar nan ta riƙe ni shekara nawa, idona ba zai sauka a kan wata ba, zuciyata ba za ta koyi wani suna ba. Kuma daga yau duk inda kika kira ni zan amsa, ko a gaban Bappa, ko a gaban duk dattawan ƙaramar hukumarku ta Sule Tankarkar. Ban ce ki jira ni shekara ba, ban ce wata ba, wannan sai mu yi maganarsa daga baya. Minti ashirin kawai nake roƙo. Ki cije, ki riƙe hannun Inna, ki riƙe ranki da kyau, Jannatu. Kada ki tafi ko'ina ba ki ji amsarki ba.

Naki a sama, naki a ƙasa, naki har ranar da za a tashe mu,
mijinki,
Abdulbaqi