Kofunan Sun Daina Rawa

Asabar, 2 ga Oktoba

Ashe da gaske ne. Ƙarshen watan nan za a ɗauke tiram, jirgin nan na cikin gari, daga titinmu, a kwance wayar wutar da ke jan taragunsa, a binne dogon da kwalta, a zubo mana bas-bas. Makram mai ruwan rake na ƙasan benenmu ne ya ɗago kai ya sanar da ni ina shanya a baranda, baki har kunne. "Hajiya Awaɗif, albishirinki! Kunkurun mijinki zai yi ritaya." Na ce kunkurun nan ya girme ka, kuma ya fi ka mutunci. Ba don maƙwabtakar shekaru ba, da ruwan wankin nan a kansa zai ƙare.

Ban gaya wa mijina Shahata ba. To, in gaya wa wane? Wanda ya tuƙa tiram ɗin har gashinsa ya yi fari, ko wannan dattijon da ke zaune a kujera yana ce mini "baiwar Allah"?

Talata, 5 ga Oktoba

Yau ma ya dawo, alhamdu lillahi.

Kullum da hantsi haka abin yake. Kofunan shayi na cikin kabad su fara rawa, daɓen ɗaki ya ɗauki kyarma, sai ƙararrawa sau biyu daidai ƙasan baranda. Usɗa Fikri ne (Usɗa muke ce wa gwanin sana'a), direban tiram da ya koyi tuƙi a hannun Shahata, bai taɓa wucewa bai buga ba. Sai Shahata ya ɗago kai, idonsa ya washe, ya ce, "Awaɗif, sakar masa kwandon mana, shayin zai huce." Awaɗif fa, da bakinsa! Daga nan ina da mijina na ɗan lokaci. Ya tambayi 'yarmu Tahani, ya yi mitar gishiri ya yi yawa a ful, dafaffen waken karin kumallonmu, ya sha magani ba gardama. Kafin azahar ya sake tafiya inda yake tafiya.

Likita ya ce ciwon mantuwa ba ya komawa baya. Na ji. Amma likita ba ya nan da hantsi.

Wannan ɗan lokacin nawa ne za su binne da kwalta, kuma tsoro nake ji.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Tahani ta zo a makare, fuska a murtuke. "Mama, wallahi titin nan naku zai kashe ni. Tiram a gaba yana jan ciki, motoci sun yi layi har masallaci, mai tumatir yana janye tirensa daga kan dogo a sannu kamar filin ubansa." Na ce rufe mini baki, albarkacin mai tumatir aka haife ki.

Ta san labarin, ta juya ido sama, amma sai da na maimaita. A barandar nan nake tun ina budurwa. Kowace safiya kasuwa ta baje a kan dogo, tiram ya zo ya maƙale a ƙasanmu yana jiran a kwashe kaya. Duk direba sau ɗaya yake taka ƙararrawa. Sai wani mai siririn gashin baki ya tsiri takawa sau biyu yana leƙen sama. Mahaifiyata ta ce, "Yaron nan ƙafarsa rawa take yi ne?" Ran nan na saki kwando da igiya don a sa mini na'ana'a, kwando ya hau da furen yasmin. Bayan aure kwandon ya koma sauka da shayi da burodi cike da ful, kwandasta ya miƙa hannu ya ɗauke ba tare da tiram ya tsaya ba. Ai tafiyar tasa ba ta fi ta mai tallan jarida sauri ba.

Tahani ta ce, "To Mama, ba kowa ne ke neman miji a cunkoso ba, wasu aiki za su." Marar kunya. Bakin ubanta ta ɗauko.

Laraba, 13 ga Oktoba

Na sauka sayen kifin sardin, muka kwasa da Makram a bakin shagonsa. Na ce bas ba ta da ƙa'ida, inda ta ga dama nan take tsayawa, direbobinsu yara ne masu zafin kai. Na ce ni ƙafata ba za ta taka bas ba har a kai ni makwancina. Mutane suka yi ta dariya, ni kuma na ji daɗin bakina.

Sai ya ajiye raken da ke hannunsa. Ya ce, "Hajiya, kin manta ranar Samira?"

Ban manta ba. Ina baranda ranar. An ɗauke wuta, tiram ya mutu a tsakiyar titi, motar asibiti a bayansa tana kuka, ba gaba ba baya, Samira matar Makram a ciki. Da hannu aka ɗauke ta zuwa babban titi, ba ta kai ba. Makram ya shafa ɗan gicciyen da ke wuyan hannunsa ya ci gaba da aikinsa. Na hau sama ban sayi kifin ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Tiram na ƙarshe ya wuce.

Titi ya cika, har waɗanda suke zaginsa jiya suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Fikri ya taka sau biyu, sannan ya ƙi ɗaga ƙafarsa. Na saki kwando da shayi kamar da. Shahata ya tashi da kansa ya fito baranda, ya kama ƙarfe ya leƙa. "Fikri! A hankali a kwanar masu kifi, dogon yana santsi in an yi ruwa!" Fikri ya sara masa yana kuka, ƙaton mutum mai jikoki. Shahata ya juyo ya ce, "Me ya sami yaron nan, Awaɗif?" Na ce mura ce.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Kofunan ba su motsa ba.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Ya zauna a kujerarsa tun safe, kunne a waje. Injin kwalta ne kawai ke ruri. Da na kawo abinci ya karɓa da ladabi. "Na gode, baiwar Allah. Ina matar gidan ta shiga ne? Ta daɗe."

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji.

Talata, 9 ga Nuwamba

Fikri, Allah ya yi masa albarka, ya ciro tsohuwar ƙararrawa daga wani taragon da aka jefar, ya kawo a buhu. Kuma wa ya ce shi zai riƙa bugawa daga shagonsa kullum da hantsi? Makram. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Ya buga sau biyu, daidai yadda Fikri ya nuna masa. Ni kam zuciyata sai da ta yanke. Shahata ya karkata kai, ya dubi kabad, ya dubi daɓe. Ya ce, "Yara ne ke wasa." Ya koma kallon bango.

Ni da na yi zaman aure da kofunan nan ban taɓa lura shi ma su yake fara saurare ba. Na gwada girgiza kabad ɗin da hannu, kofi ɗaya ya faɗo ya fashe. Tsohuwar banza, me nake yi haka?

Asabar, 20 ga Nuwamba

Bas-bas sun fara. Cunkoson yana nan daram, sai dai yanzu da hayaƙi da hon. Mai tumatir ya baje a kan sabuwar kwaltar, kuma ba ya tashi don kowa. Tahani ta ce duk da haka ta fi saurin isowa. 

Ba ya cin abin kirki. Magani sai da roƙo. Ruwan sama mai sanyi ya fara zuwa daga teku, bargon da na lulluɓa masa ya ce in mayar wa mai shi.

Lahadi, 28 ga Nuwamba

Makram ya hawo da ruwan rake kofi biyu. Ya ce layin da ke bi ta tashar jiragen ruwa ba a taɓa shi ba, tiram na nan yana yawo. "Ki kai Usɗa Shahata ya ji ƙasa tana rawa a ƙafarsa." Na ce da wace ƙafar zai je, kuma wace tasi ce ke yarda ta shigo titin nan? Ya tsura wa silin ido. "Akwai wata mota da ke tsayawa a bakin shagona, har can take zuwa. Amma na ji wata Hajiya ta yi alwashi a bainar jama'a."

Na ce ya sauka mini daga bene. Ruwan raken dai mun sha.

Laraba, 1 ga Disamba

Na taka bas. Na ja mayafi har hanci, amma mai tumatir sai da ya ce, "A sauka lafiya, Hajiya!" Allah ya isa.

Mun isa tashar jiragen ruwa, na zaunar da shi a wani benci dab da dogo. Tiram ya zo, ruwan ɗorawa, tarago biyu, irin nasa sak. Ƙasa ta yi rawa, na ji har a gwiwata. Ƙararrawa sau ɗaya. Shahata ya bi shi da kallo har ya sha kwana, kamar yadda yake kallon kowace mota. Muka jira na biyu, muka jira na uku. Sai ya ce, "Baiwar Allah, sanyi nake ji." A raina na ce shi ke nan, Awaɗif, an binne.

A dawowa bas ta cika maƙil, wani ya tashi ya ba mu kujerar bayan direba. Direban ɗan saurayi ne, waƙa a sama, hannu ɗaya a sitiyari. Ina ta share ido da bakin mayafi. Muna shigowa titinmu wani mai amalanken lemo ya gitta, yaron ya taka birki da ƙarfin tsiya, duk muka tafi gaba. Kafin goshina ya kai ga ƙarfe sai na ji hannu ya tare ƙirjina, da ƙarfin da na manta yana da shi.

"Kai! Uban wa ya koya maka tuƙi? Birki lallaɓa shi ake yi! A hankali, Awaɗif ce a ciki!"

Mota ta yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Yaron ya ce, "Tuba nake, Baba." Shahata bai ɗauke hannunsa ba har muka sauka, yana ta faɗa. "Kin ga irin direbobin yanzu? Gobe zan kai ƙararsa." A bene ya tambaye ni me na dafa. Ya cinye ful ɗin tas, ya ce gishiri ya yi yawa.

Alhamis, 2 ga Disamba

Bas dai ba abin hawa ba ce, ban canza magana ba. Wari, tsere, rashin tarbiyya. Kawai dai sardin ɗin tashar jiragen ruwa ya fi na nan kyau, kuma iska tana yi wa Shahata amfani.

Na goge masa takalmi. Na ce wa Makram in ya hango bas ɗin yaron jiya ya buga mini ƙararrawar nan sau biyu, mu sauko. Ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi.

Allah dai ya sa yaron bai gyara birkinsa ba.