Ludayi Biyu Ga Kyanwar Gwaggo

Ɗahiru,

Na jira ka har hantsi ba ka dawo daga gona ba, motar Ƙafin Maiyaki kuwa ba ta jiran mutum. Sai jibi in Allah ya yarda.

Maganar kyanwar Gwaggo ce. Da safen nan ta maƙale a rariyar katanga, kai ya fita, ciki ya ƙi, da ƙyar na jawo ta. Na ɗora ta a sikelin gyaɗa, laba goma sha huɗu. Ashe mu uku muke ba ta fura da nono, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Har da kai, na ga kaskon da ka ɓoye bayan randa. Ita tana barci, ɓeraye suna cinye mana irin dawa a rumbu.

Daga yanzu ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da ƙaramin ludayin da na ɗaura wa zare. Ko ta yi ta kuka kada a ƙara.

Ban ba ta komai ba yau. Ina ɗaure kaya na hango ta a gindin rumbu, ta kafa kunne. Ba ta manta aikinta ba.

Amma kada ka ce wa Gwaggo ta daina, lada take nema. Ka ce mata mu ne muka daina, mun bar mata ladan duka. Ka sa ludayin a hannunta.

Yayanka,
Ladan